Yadda Muka Fitar da Fumfuna Daga Bututun Iyakwandishan na Gidanmu a Zariya

Gidan da muke haya a GRA yana cikin 'yan tsirarun gidajen Zariya da aka yi wa iyakwandishan mai bututu. Maimakon kowane ɗaki ya sami tasa na'urar a jikin bango, guda ɗaya ce babba aka rataye a cikin silin ɗin hanyar da ta ratsa tsakiyar gidan, daga jikinta kuma bututun ƙarfe masu kusurwa huɗu suka rarrabu zuwa falo da ɗakunan kwana, kowanne ya ƙare da farar raga a saman ɗaki, inda sanyin yake sauka. An ce na'urar tana iya hura ɗumi idan aka juya ta, amma a gidanmu bargo ne yake maganin hunturu, saboda haka tun daga watan Nuwamba har zuwa ƙarshen Fabrairu a kashe take zama. Wannan dogon hutun nata yana da hannu a abin da ya same mu, kamar yadda zan bayyana a gaba.

Da wari abin ya fara, a tsakiyar watan Agusta, lokacin da ruwa yake kwana yana zuba kuma shanya take wuni ba ta bushe ba. Duk sanda aka kunna na'urar, iskar farko da za ta fito tana zuwa da warin rima, sai bayan wani lokaci hanci ya saba da shi. Uwargida ta ƙara yawan turaren wuta, ta sa aka wanke labule, aka fitar da kafet aka kakkaɓe, amma da zarar hayaƙin turaren ya lafa sai warin ya dawo. Daga baya ɗige-ɗige baƙaƙe suka bayyana a gefen ragar falo, suka fara bazuwa a kan farin fentin silin. A daidai wannan lokacin ne ƙaramar 'yarmu ta kama atishawa da toshewar hanci duk safiya, mahaifiyata kuma, wadda take zaune tare da mu, ta fara tari da asuba.

Tarin Hajiya ne ya tayar mini da hankali, domin shekarun baya ta yi jinyar tarin fuka, ta kammala shan maganinta a cibiyar da ke Saye. Na kai ta asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada majina, kuma alhamdu lillahi tsohon ciwon bai dawo ba. Sai dai likitan ya tambaye ni ko akwai danshi ko fumfuna a inda take kwana, da na kwatanta masa abin da muke gani sai ya yi mini bayanin da ya sa na daina ɗaukar lamarin a matsayin matsalar wari kawai. Tarin fuka yakan bar wa wasu mutane ramuka a huhu ko bayan sun warke, kuma akwai wani nau'in fumfuna da ake kira Aspergillus wanda yake iya samun mazauni a cikin irin waɗannan ramukan. Ga mai lafiyayyen huhu, yawanci abin bai wuce mura da ƙaiƙayin ido da tari ba, amma ga mai asma, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, da wanda huhunsa ya taɓa jin jiki, ba abin sakaci ba ne. Bai ce lalle fumfunar ce ta jawo tarin ba. Cewa ya yi a kashe na'urar gaba ɗaya har sai an duba cikinta, domin kunna ta a haka daidai yake da rarraba abin da ke ciki zuwa kowane ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da ƙa'idoji a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje tun shekarar 2009, inda ta danganta zama a gida mai danshi da ƙaruwar cututtukan numfashi da tashin asma. A ranar muka kashe ta, muka koma fanka.

Mai gyara na farko da aka haɗa ni da shi bai nemi tsani ba ma. Ya ɗaga kai ya dubi ragar, ya ce zai wanke matatar iska, ya ƙara gas, ya fesa wani magani mai ƙamshi a bakin bututun, kuma kafin la'asar an gama. Ban amince ba, domin na kasa ganin alaƙar gas da baƙin da ke jikin silin, kuma maganin da aka fesa daga ƙasa ba zai kai inda ido bai kai ba. Na biyun wani dattijo ne da ke da shago a Sabon Gari, wanda ya daɗe yana aikin manyan na'urori irin na bankuna da ɗakunan taro. Shi da ya zo, kafin ya taɓa komai sai ya zagaya bayan gidan yana neman inda bututun ruwan na'urar yake zubarwa. Ya tarar da ƙasan wurin a bushe, babu ko alamar ɗiga, babu gansakuka, alhali a ce na'urar da ta yi aiki tun daga bazara ta bar shaida a wurin.

"Malam," in ji shi, "ba wanki ne farko ba. Mu nemo inda ruwan yake tafiya tukuna, tunda dai nan ba ya zuwa."

Ya zura waya a bakin bututun, sai ga busasshen laka yana zubowa gutsure-gutsure, har da 'yan tsutsotsin da suka bushe a ciki. Zanzaro ne ya gina ɗakinsa a cikin bututun tun lokacin da na'urar take hutu, ya toshe shi ƙam. Daga nan muka hau cikin silin ta ƙaramar ƙofar da ke kusa da banɗaki, shi a gaba da tocila, ni a baya, muna taka katakon rufi a hankali. Zafin wurin da warinsa sun isa su sa mutum ya juya. Tiren da ke ƙarƙashin na'urar, wanda aikinsa tara ruwan da take tatsa daga iska, cike yake har baki da ruwa mai yauƙi, samansa ya yi wata fata mai launin toka, kuma akwai alamar ya daɗe yana ambaliya yana jiƙa allon silin. Bututun ruwan kansa ya lotsa a tsakiya saboda igiyar da ta riƙe shi ta tsinke, ta yadda ko zanzaro bai toshe shi ba, ruwa zai riƙa kwanciya a wurin. Soson da aka naɗe bututun iskar da shi ta waje kuwa ɓeraye sun yayyage shi a wurare da dama, ƙarfen yana waje tsirara da tabon tsatsa.

Dattijon ya nuna mini tabon ya ce, "Ka san yadda kofin silba yake gumi idan an zuba masa ruwan ƙanƙara? To, haka ƙarfen nan yake yi duk daren Allah a damina." Lissafin abin ma a fili yake. Iskar da zafinta ya kai digiri 25, danshinta kuma kashi 80 cikin ɗari, takan fara sauke raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai kusan digiri 21, alhali iskar da ke gudu a cikin bututun ta fi haka sanyi nesa ba kusa ba. Saboda haka duk inda soso ya yage, ruwa yana tsattsafowa a jikin ƙarfe ba tare da rufi ya yi yoyo ba.

Mafi muni shi ne abin da muka gani da ya kwance murfin bututun farko, wanda yake manne da na'urar. An shimfiɗa wa cikinsa audugar gilashi, wato wani abu mai kama da auduga da ake yi da zaren gilashi, domin rage ƙara, kuma audugar ta sha ruwa ta yi nauyi, fuskarta ta rufe da wani abu baƙi da kore mai laushi, wanda idan hasken tocila ya faɗa masa ta gefe sai ka ga yana da gashi-gashi. A ƙarƙashinsa akwai jan ƙasa mai kauri da ta daskare. Wannan ita ce ƙurar hunturun da ta taru shekara da shekaru, domin a gefen da na'urar take zuƙar iska akwai gaɓar da ta buɗe, tana jan iskar cikin silin kai tsaye ba tare da ta bi ta matata ba.

A nan ne na fahimci yadda yanayin garinmu yake haɗa wa fumfuna gari. Ƙwayoyin irinta suna yawo a iska ko yaushe, a waje da cikin gida, kuma babu wanda zai iya kawar da su. Abin da suke jira shi ne abinci da ruwa. Hunturu yakan kawo abincin, wato ƙura haɗe da ɓurɓushin ganye da zaren tufafi da sauran tarkace, ta kwanta a bututu wata da watanni. Bazara ta zo a watan Maris da Afrilu, a kunna na'ura dare da rana, amma da yake iskar lokacin a bushe take, ba a ganin komai. Sai damina ta kankama, daga Yuni zuwa Satumba, sannan ruwan ya iso, kuma abin da ya jiƙe ya wuce awa 24 zuwa 48 bai bushe ba yana iya zama gonar fumfuna. Ga kuma ɗauke wuta, wanda yake tsayar da na'ura farat ɗaya tana tsaka da aiki, ya bar cikinta sharkaf a cikin duhu babu iskar da za ta busar da shi. Mu mutanen Zazzau ba baƙin fumfuna ba ne a wani fannin, domin duk manomin gyaɗa da masara ya san abin da danshi yake yi wa amfanin da aka adana bai gama bushewa ba, kuma masana aikin gona irin na cibiyar bincike da ke Samaru sun daɗe suna gargaɗi a kan gubar afulatoksin da wani ɗan gidan Aspergillus yake haifarwa a hatsi. Abin da ba mu saba tunani ba shi ne danginsa suna iya zama a saman ɗakin da muke kwana.

Na tambayi dattijon ko sai mun kai samfur ɗakin gwaji don a gane nau'in, domin na sha jin ana cewa baƙar ita ce mai kisa. Ya ce launi ba ya nuna nau'i, kuma ko wacce iri ce aikin da za a yi ɗaya ne, wato a tsayar da ruwan a fitar da ita. Na bincika daga baya na tarar hukumomin lafiya na Amurka ma haka suke ba da shawara, saboda haka kuɗin gwajin muka zuba a aikin.

Da yake gidan haya ne, sai da na bi ta kan wakilin mai gidan. Na tura masa hotunan da muka ɗauka a cikin silin, musamman na allon da ya fara ruɓewa, kuma wannan ne ya fi saurin shigarsa, domin ya ga cewa ginin kansa ne yake lalacewa. Muka daidaita a rubuce cewa zan biya kuɗin aikin a cire rabin daga hayar shekara mai zuwa.

Kafin a fara, na kai Hajiya da yaran gidan yayata a Tudun Wada. Aka fitar da abin da zai fitu, sauran kujeru da gadaje aka lulluɓe su da leda, aka kuma manne leda a kan kowace raga domin kada abin da za a kankare ya zubo cikin ɗakuna. Na sayo takunkumi mai lamba N95 da safar hannu ta roba da tabarau mai rufe gefen ido, kuma na tsaya a kan cewa yaran dattijon sai sun sa. Ɗaya daga cikinsu ya so ya ɗaura hankici kawai, yana cewa sun saba, amma ogan nasa ya ce masa, "Kai, sa abin da aka ba ka, huhu ba ya sabo." Aka kashe wutar na'urar daga babban makunni, sannan aka hau.

Audugar gilashin ba a yi yunƙurin wanke ta ba. Abu ne mai ramuka, fumfuna tana shiga har cikinsa, kuma duk wankin da za a yi masa sama-sama ne, ga shi ba zai bushe da wuri ba. Aka ɗan yayyafa mata ruwa don kada ta yi ƙura, aka ɓamɓare ta, aka zuba a leda biyu-biyu aka ɗaure tun a cikin silin kafin a sauko da ita. Haka aka yi wa allunan silin da suka jiƙe. Ƙarfen bututun kuwa, da yake sumul yake, yana wankuwa. Aka kwance shi gaɓa-gaɓa inda zai yiwu, aka sauko da shi tsakar gida, aka goge da buroshi da ruwan omo, aka ɗauraye. Gaɓoɓin da ba su kwantuwa sai aka yanka musu 'yar taga a gefe, aka zura buroshi mai doguwar sanda tare da tiyon injin zuƙe ƙura. Injin da muka samu ba shi da matata mai kama ƙananan ƙwayoyi, saboda haka aka ajiye shi a waje aka ja dogon tiyo zuwa ciki, domin in ba haka ba zai zuƙa ta gaba ya fesar ta baya a cikin gidan.

A kan bilic mun ɗan yi muhawara. Ni na ɗauka da shi za a wanke komai, amma dattijon ya hana a kai shi kusa da siraran faifan alminiyam da bututun jan ƙarfe da ke cikin na'urar, domin yana cin su, kuma yana sa ƙarfen bututu tsatsa. Waɗannan an wanke su da maganin da aka yi musamman dominsu, aka bi da ruwa mai yawa. Bilic ɗin a kan tiren roba da ragogin ɗakuna kawai aka yi amfani da shi, bayan an riga an wanke su da sabulu, kuma a sirke, abin da bai wuce kofi ɗaya ba a cikin kusan lita 4 ta ruwa. Ya kuma ja kunnen kowa cewa kada a kuskura a haɗa shi da ruwan wankin masai ko wani sinadari mai amoniya, domin hayaƙin da zai tashi guba ne, balle a wuri matsattse irin cikin silin. Wannan gargaɗin ya kamata ya shiga kowane gida, domin na san mata da yawa suna gauraya waɗannan abubuwan a banɗaki da niyyar ƙara tsafta.

Busarwa ce ta fi cin lokaci, kuma a nan ne haƙurina ya kusa ƙarewa, domin hadari yana haɗuwa kusan kowace yamma. Dattijon ya ƙi yarda a mayar da ko gaɓa ɗaya sai ya shafa farin ƙyalle a cikinta ya ga babu laima babu datti. Muka riƙa shanya ƙarafan idan rana ta fito muna kwashewa idan gari ya haɗe, a cikin silin kuma aka kafa fanka tana kaɗawa da janareto. Bayan komai ya bushe aka harhaɗa, aka liƙe kowace gaɓa da danƙo da salatif na alminiyam, har da waccan da take zuƙar iskar silin. Ba a sake sa komai a cikin bututun ba. Ta waje aka naɗe shi da baƙin soson roba wanda ba ya shan ruwa, aka tabbatar babu inda ƙarfe ya leƙo. Hakan ya sa ana ɗan jin ƙarar iska a falo fiye da da, kuma na karɓi wannan da hannu biyu. Bututun ruwan aka sauya shi da sabo, aka ba shi gangara ta kusan santimita 1 a kowace mita, aka ɗaɗɗaure shi kusa-kusa, aka yi masa lanƙwasa a kusa da tire yadda na'urar ba za ta riƙa zuƙo iska ta cikinsa tana hana ruwa fita ba, bakinsa na waje kuma aka ɗaura masa 'yar raga saboda zanzaro. Kafinta ya toshe kafofin da ɓeraye suke shiga, ya sauya allunan silin. Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne: aka tuttula ruwa cikin buta a tiren, ni kuma ina tsaye a bayan gida har na ga ya fito gaba ɗaya.

Da iyali suka dawo, atishawar yarinyar ta ragu cikin ɗan lokaci, tarin Hajiya kuma ya lafa a hankali tare da maganin da aka ba ta. Ba zan rantse cewa aikin bututun ne kaɗai ya kawo sauƙin ba, tunda damina ma ta fara ja da baya a lokacin, amma warin ya tafi, kuma da damina ta zagayo bai dawo ba.

Yadda muke amfani da na'urar ma ya sauya. Na sayi ƙaramin ma'aunin danshi na rataye a falo, ina lura kada ya zauna sama da kashi 60 cikin ɗari, wanda shi ne iyakar da masana suke ba da shawara. Mun daina sa ta a digiri 16 kamar yadda aka saba a gidaje da ofisoshi da yawa, muna barinta a 24 ko 25, domin tsananin sanyi yana ƙara wa ƙarfe gumi, kuma idan tana aiki muna rufe tagogi don kada ta yi ta tatsar danshin waje. Idan za mu kashe ta da kanmu, mukan bar fankarta ta yi ɗan gudu ba tare da sanyi ba don cikin ya sha iska, amma ba ma barinta a haka tsawon dare, domin sai ta mayar da ruwan da ta tara cikin ɗakuna. Matatar iska ana wanke ta duk bayan mako biyu idan ana amfani da na'urar, a watan Nuwamba kuma mukan rufe ragogin da leda har hunturu ya wuce. Babban wanki na shekara mun tsayar da shi a ƙarshen Fabrairu, bayan ƙura ta lafa kuma kafin zafi ya shigo, sannan a sake zuba ruwa a tire a watan Mayu a ga ko yana fita.

A ra'ayina, wanda zai gina gida a Zariya ya yi tunani sosai kafin ya ɓoye bututu a cikin silin, kuma idan har zai yi, to ya bar ƙofofin dubawa masu faɗi a kusa da na'urar, ya kuma hana a sa audugar gilashi ta ciki. Masu iyakwandishan ta bango ma ba su tsira ba, sai dai nasu ya fi sauƙin gani. Mutum ya kashe ta, ya ɗaga murfin da iska take fitowa, ya haska doguwar fankar da ke ciki, idan ya ga fukafukanta sun yi baƙi da ɗige-ɗige to wankin matata kaɗai ba zai wadatar ba, sai an kwance an wanke fankar da tiren.

Akwai abu guda da ya rage mana. Ɗakin da ke kusurwar gabas har yanzu ma'aunin yana nuna ya fi sauran danshi a watan Agusta, ko da na'urar tana aiki daidai, kuma fentin gindin bangonsa yana kumbura. Dattijon ya duba ya ce wannan ba daga bututu ba ne, ruwan indararo ne yake zuba a gindin ginin yana hawa bango, saboda haka na mayar da Hajiya ɗakin yamma, mun kuma yi magana da wakilin mai gidan a kan a ja kwata da siminti a wannan gefen kafin ruwan bana ya sauka.